Daga Bakin Nilu: Tsohon keke, sabon fenti

Makon jiya na yi alkawarin kawo maganar aika kuɗi tsakanin Gadarif da Kano. A yi mini afuwa, mun ɗage ta sai mako mai zuwa. Saƙo uku ne suka shigo a kan abu guda: an ga hoton keken yaron gidanmu a wayar wani, ana tambaya wai sabo na saya, kuma nawa? To ba sabo ba ne. Ƙarfen keken nan ya girmi yaron da ke hawansa, ina jin ma ya girmi aurena. Tunda an tambaya, bari in ɗauko labarin daga tushe.

Wanda rabonsa da Kartum tun kafin 15 ga Afrilu 2023 sai an yi masa bayani. Mu muna cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gadarif, muka dawo watanni bayan sojoji sun karɓe birnin a Maris 2025. Muka kama haya a unguwar Sawra, arewacin Umdurman, na sake ɗora sana'ata ta da a kan ɗan tebur: garin yaji da ƙuli da kayan ƙamshi, ina kai wa masu agashe. Agashe dai kun sani, naman gashinmu ne da kakanninmu suka kawo ƙasar nan, har sunan ma namu ne. Masu sayen kayana kuwa yaƙi ya warwatsa su. Wani yana kasuwar Sabrin, wani ya koma tsohon Umdurman, biyu suna Bahri, ga shi tun da aka karya gadar Shambat a Nuwamba 2023 zuwa Bahri ya zama zagaye. Da na zauna na yi lissafin abin da raksha da hafila ke ci a wata, sai na ga ni wahala nake yi, mai abin hawa yana kwashe riba. Ba zan rubuta farashi ba, don fam ɗin Sudan ba ya kwana inda ya yini. Ku dai ɗauka cewa kuɗin motar wata biyu ya isa a tada keke guda daga kushewa.

Maiɗakina ce ta fara faɗa. Ta ce, "Malam, ga yaron nan zaune, ƙafafunsa lafiya lau, a nema masa ajala mana." Ajala shi ne keke a Larabcin nan, mai gyaransa kuma ajalati. Babban ɗanmu take nufi, ba ta kama sunansa, ni ma ba zan kama ba, kun san al'ada. Shekararsa 17.

Shi yaron irin keken zamani mai giya da yawa yake so. Na hana. Kartum da Umdurman da Bahri duk shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tudun da za ka hau bai wuce bakin gada ba. Abin da ke akwai shi ne rairayi da ƙura, su kuwa ba abin da suka fi so kamar ƙananan ƙarafan nan masu canza giya. Keke mai giya ɗaya sarƙarsa kauri gare ta, a miƙe take tafiya, in ta katse kowane ajalati a bakin titi zai haɗa ta. Irinsa ne iyayenmu suka ɗauki buhun gero a kansa: Raleigh na Nottingham a Ingila, wanda har masana'anta kamfanin ya kafa a Kano, da Phoenix na Shangai a ƙasar Sin, da Hero da Avon na Indiya. A nan Sudan ma dattawa in suna labarin samartaka, Rali da Fonis ɗin nan dai su ne. Ƙafa mai inci 28, birkin sanda, kariya a baya. Ba shi da kyan gani a idon ɗan yau, amma da tsohuwar zuma ake magani.

Na shiga neman na hannu. Kwana biyu sai wani dillali ya kira ni, ya kai ni bayan wata rumfa, ya fito da keke baƙi wuluk yana sheƙi, fentinsa ko ƙura bai gama sha ba. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na yi zato ba. Wallahi raina ya biya. Na ce ya ba ni shi in kai wa ajalati ya duba, in ya yi in biya. Ya ɗan yi jim, ya yarda.

Ajalatin unguwarmu dattijo ne, Basudane, gashin kansa fari fat, Usta muke ce masa kamar yadda ake kiran kowane gwanin sana'a a nan. Bai ko taɓa birki ba. Ya kifa keken, ya goge ƙarƙashin gidan boris na feda da tsumma, ya duba, ya miƙar da shi ya duba inda sandar sirdi ke shiga. Sai ya kama hannuna ya ɗora yatsana a wurin. Na ji wajen ya yi kwari, sumul, kamar an lashe. Ya ce, "Ya Haj, nan lamba take. An goge ta da dutsen wuta, an cike da fenti. Mayar masa da abinsa. Ni ba na sa sufana a kan shafshafa."

Shafshafa ita ce kalmar da yaƙin nan ya koya wa kowa, wato wawashe gidajen mutane da shagunansu. Kayan da aka kwasa har kasuwanni aka buɗe musu, jama'a suka laƙaba musu sunan kasuwar Dagalo. Waɗannan kasuwanni sun watse a cikin birni, amma kayan ba su hau sama ba, suna nan suna yawo daga hannu zuwa hannu, kuma abu na farko da ake yi wa keken sata shi ne a watsa masa sabon fenti.

Na tsaya a gaban rumfar Usta kunya ta rufe ni, don ni ma an yi mini. Da muka dawo, tsohon gidan da muke haya ko ƙofa ba a bari ba. Cikin abin da ya tafi har da wani Fonis nawa mai lotsawa a kariya, inda jaki ya taɓa harbinsa. Har yau in keke ya wuce ni sai idona ya kai kan kariyarsa. Wato wani yana can ya shafe nawa da fenti, ni kuma ga ni zan biya kuɗi in ɗauki na wani bawan Allah, wataƙila ma yana Masar ko Chadi yana lissafin abin da zai dawo ya tarar. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa kayan da ya faɗo ƙasa da rabin kuɗinsa ba don Allah ya faɗo ba. Mun sani, kawai mukan so wani ya ce mana ba komai.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafe mu mu Hausawa musamman, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kakannin maiɗakina suna cikin waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Yaronmu a Umdurman aka yanke masa cibiya, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Duk da haka mun ga abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, mun kuma san irin tambayar da akan yi wa namu in aka ji harshe ko aka ga suna. Yanzu ko'ina shingen bincike ne, irtikaz ake ce masa. Saurayi Bahaushe, a kan keke mai sabon fenti, lamba a goge, ba takarda: ni da hannuna zan miƙa ɗana ke nan. Arha ba ta ado, wannan kuwa ta wuce maganar ado.

Na mayar wa dillali kekensa. Ya ce ai kowa haka yake saya. Na ce Allah ya ba da kasuwa.

Wanda muka samu daga baya, a gidan maƙwabcinmu yake, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da bai bar unguwar ba duk tsawon yaƙin. Shekara da shekaru keken yana jingine a bayan ɗaki, ƙafar gaba babu, sirdi ya ruɓe, sarƙa ta zama sanda guda don tsatsa. Gangar jikin kawai ta rage, wato firam, da fok mai riƙe ƙafar gaba, da kan keken. Yaron ya kalle shi ya kalle ni, ya ce, "Baba, wannan ai sai 'yan gwangwan." Amma lambarsa tana nan raɗau, kuma duk layin sun san keken tun yana kai mai shi tasha.

Kafin mu ɗaga shi daga inda yake muka rubuta takardar ciniki, mubaya'a. Sunan mai sayarwa da lambarsa ta ɗan ƙasa, sunana da tawa, irin keken, lambar da ke jikin ƙarfe, launinsa na asali, kwanan wata, shaidu biyu, ɗaya limamin masallacin layinmu. Na ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare yana cikin tsatsarsa, da hoton lambar, da hoton dattijon yana riƙe da shi. Kuɗin kuma ta Bankak na tura, don shaidar biyan ta zauna a waya. Dattijon yana ta dariya, wai ko gida ya sayar ba a yi masa wannan bin diddigi ba. Na ce, "Ya ammi, gobe zan canza masa kala, kai kanka ba za ka gane shi ba, balle wanda ke tsaye a shinge." Duk mai niyyar yi wa keken hannu fenti, a Kartum yake ko a Agadas ko a Kumasi, ya fara da wannan takarda. Ba ta cin ko kwabo.

Sai dubiya. Usta ya koya mini abubuwa uku da kowa zai iya yi ba tare da kayan aiki ba. Na farko, ka shafa yatsa a ƙarƙashin sandunan nan biyu da suka taso daga wuyan keke, daf da wuyan. In ka ji ƙarfe ya tattare kamar fatar goshi, keken ya taɓa yin karo da gaba, ka bar shi. Na biyu, ka ɗaura zare a ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya ta dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a na hagu, ya yi tsam. Ka auna tazarar zaren da sandar sirdi ta kowane gefe. In tazarar ɗaya ce, firam a miƙe yake. In ta bambanta sosai, keken zai riƙa tafiya kamar kare mai ciwon kwankwaso, yana cin taya ta gefe guda. Na uku, ka tabbata ƙarfen sirdi yana fita. Namu ya ƙi, sai da ya sha kananzir kwana uku ana ɗan bubbuga shi safe da yamma kafin ya saki.

Kwancewa aikin yini guda ne, amma a nan ake ɓarna. Fedar hagu a juye take kwancewa, haka ma murfin gidan boris na ɓangaren sarƙa. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har ya cinye zaren. Boris kuma ka ƙirga su yayin da suke zubowa, kowane gida da gwangwaninsa. A irin wannan keke za ka tarar da 11 a kowane gefe na gidan feda, 9 a kowane gefe na ƙafar baya. Wani abin da ya kamata mai tsohon Rali na Ingila ya sani: zaren notinsa daban ne, 26 a inci guda, alhali sauran kekuna 24 ne. Murfin Sin ko na Indiya zai fara shiga kamar gaske, zagaye biyu ya cije. In ka matsa da ƙarfi ka kashe firam ɗin. Saboda haka tsofaffin murafun Rali ba a zubar da su, wankewa ake yi a mayar. Namu Fonis ne, kayansa ko'ina akwai.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Yaron ya so mu ɗan goge tsatsar sama mu fesa fenti a kan tsohon, a gama a yini ɗaya. Usta ya ce sai an kankare shi tas, har ƙarfe ya fito fari. Kwana huɗu muna yi ni da yaron bayan la'asar, da samfefa mai lamba 80, sannan 180, da burushin waya a lunguna inda sanduna suka haɗu. Muna jiƙa samfefar da ruwa, mun ɗaure hanci da ƙyalle, ƙanana kuma an kore su cikin gida. Tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a ciki, kuma duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai bar ɗan yaye yana rarrafe a inda ake kankare fenti ba. Ruwan da ya zuba da tsumman duka rami muka haƙa muka binne.

A rana ta uku yaron ya kira ni. "Baba, zo ka ga wani gashi." A bayan gidan feda, inda siririyar sandar dama ke tafiya zuwa ƙafar baya, ga wani layi baƙi, siriri kamar silin gashi, ya zagaye kusan rabin sandar. Tsagewa ce. Tana ƙarƙashin tsohon fenti da dattin mai, ba mai ganinta. Da mun bi shawarar fesawa a kai, da mun rufe ta da kyau, mu ɗora wa keken kilo 30 na yaji, mu tura yaro kan gadar Farin Nilu cikin manyan motoci. Na daɗe ina kallon layin nan ban ce komai ba.

Muka kai wa mai walda a unguwar masana'antu ta Umdurman. Nan ma a kula. Irin wannan firam da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsa tun daga masana'anta, kuma kaurin bututun bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda shi take yi, ko ta ƙone gefen ya sake tsagewa bayan wata biyu. Waldar gas ake nema, da sandar tagulla, a hannun wanda ya saba gyaran radiyeto ko salansa. Namu ya huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagewar don kada ta ci gaba, ya naɗa mata ɗan gutsuren ƙarfe kamar zobe, ya zuba tagulla ta bi ta cike. Da ya huce muka sake gwajin zare. Lafiya lau.

Ƙarfen da aka kankare ba ya jira, ko a busasshiyar ƙasa irin wannan. A ranar muka wanke shi da tina, daga nan ba wanda ya sake taɓa shi da hannu tsirara, don maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Muka cusa takarda a gidan feda da wuya da ramin sirdi don kada fenti ya shiga zare. Lambar kuwa na liƙa mata ɗan salatif. Muka rataye firam da waya a reshen dalbejiyar tsakar gida, muka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, irin na ƙofar ƙarfe, shafa biyu marasa kauri. Kafin yaƙi kasuwar Sajjana a Kartum ake zuwa don irin waɗannan kaya. Ni a Sabrin na samu nawa.

Maganar kala ta kusa raba gidan. Umdurman gari ne na ƙungiyoyin ƙwallo biyu, Hilal mai shuɗi da Marikh mai ja da rawaya, kuma ba a zama tsakani. Yaron ɗan Hilal ne na mutuwa. Kawunsa, ƙanin maiɗakina, ɗan Marikh, ya rantse in aka yi shuɗi keken ba zai kwana a zaurensa ba. Ni sharaɗi biyu kawai na kafa: ba kalar kaki ko wani abu mai kama da kayan soja, don zamanin bai dace ba, kuma ba baƙi, don baƙin keke mai sheƙi shi ne kayan da ido ke bi yanzu. Aka yi shuɗi. Kawu ya yi fushin kwana biyu.

A nan na yi tawa wautar, kuma gara in faɗa da bakina. Jan fentin ƙasa na mai ne. Na samu gwangwanin feshi na fentin mota, wanda ake kira duko a nan, da arha, na ce wannan zai fi sheƙi. Washegari da azahar, rana tana tsakiya, na fesa. Kafin in wanke hannu fentin ya tattare kamar fatar tsohuwa, ya ɗaga na ƙasan gaba ɗaya. Ashe ruwan da ke cikin duko yana narkar da fentin mai in bai gama bushewa ba. Inda bai tattare ba kuma ya yi ƙurji-ƙurji, don zafin rana ya busar da feshin tun yana iska. Usta ya zo ya gani, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ya Haj, kai yaji ka iya." Muka sake kankarewa. Kwana biyu da kuɗin gwangwani suka tafi a banza.

Karo na biyu muka bi ƙa'ida. Fentin ƙasa da na sama iri ɗaya, duka na mai, na kamfani guda. Aiki bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. Yaron ya yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta, muka kewaye bishiyar da tsohon gidan sauro. Burushi mai laushi, fentin an ɗan tsinka shi, shafa uku, kowace a bar ta yini da kwana, a bi ta da samfefa mai lamba 400 da ruwa a hankali kafin ta gaba. Ana fara wa daga lunguna, a ƙare da dogayen sanduna. Mun yi sa'a lokacin sanyi ne. Wanda zai yi wannan aiki a watan Mayu ko Yuni, lokacin da zafi ke haura 40 kuma habub ke tasowa ta rufe gari da jar ƙasa, ya nemi ɗaki mai ƙofa. Bayan shafar ƙarshe muka bar shi kwana 10 a rataye. Fentin mai yana bushewa a sama da wuri, cikinsa kuwa ɗanye ne, in ka ɗaura noti a kai sai ya kwaɓe. Kwana goman nan su suka fi yi wa yaron wuya, kullum da safe sai ya je ya danna farce a ƙarƙashin gidan feda.

Ado kuwa mai rubutun allon shaguna muka kira, hattat. Ya ja farin layi siriri a kan sanduna, ya zana jinjirin wata a wuya don ran ɗan Hilal ya yi sanyi, ya rubuta sunan sana'armu da lambar wayata a wani faranti da muka ɗaura a bayan kariya, da Larabci. Tuni mutum biyu suka kira ta dalilinsa. Yaron ya so a rubuta aya a marfin tayar baya, kamar yadda ake gani a jikin raksha. Na ce a'a. Wurin da taɓo da kashin jaki ke fantsama ba wurin sunan Allah ba ne, ko da kowa yana yi. Lambar firam muka cire mata salatif, muka shafa mata man giris kawai. Tana nan ƙarfe tsirara, a tsakiyar shuɗi, duk mai so ya karanta.

Haɗawa ba ta da labari mai yawa. Boris sababbi duka, don ba su da tsada kuma tsofaffin sun yi ƙwarzane, giris mai yawa, sabuwar sarƙa, sababbin robobin birki. Ƙafar gaba ta hannu muka saya, ita ma a wurin Usta, ya san inda ta fito. Taya na sa an yanka tsohuwa an shimfiɗa a cikin sabuwa, saboda tsidau da fasassun kwalabe da ƙananan ƙarafan da yaƙi ya bari a titi. Abu ɗaya ne ya cancanci lissafi. Babban faranti mai haƙora na wajen feda haƙori 44 gare shi. In ka sa firiwil mai 18 a baya, kowane zagayen feda zai kai ka kusan mita biyar da rabi: gudu, amma nauyi a gwiwa. Mai 22 kuwa mita huɗu da rabi. Yaron 18 yake so. Na ce wanda zai hau gada da kaya, iskar arewa tana dukan ƙirjinsa, ba tsere ya fito ba. Muka tsaya a 20.

Na kuma ja masa kunne a kan abu guda da nake roƙon kowane uba a garin nan ya ja wa nasa: kada ya shiga kangon gida ko filin da ba a bi don neman kayan keke ko ƙarfen sayarwa. Harsasai da bama-baman da ba su fashe ba suna nan kwance, kuma yara suka fi ɗauka.

Sati na biyu da fara aikinsa, ya tafi kai kaya Bahri, la'asar ta yi bai dawo ba. Maiɗakina ta fita ƙofa ta dawo ya fi sau goma. Ana kiran magariba sai ga shi. An tsayar da shi a wani shinge, shi da wasu samari uku masu kekuna. Aka ce keken wa ya sato ya yi wa fenti. Ya ɗaga sirdi, ya zaro kwafin mubaya'a da muka naɗe a leda muka cusa a ƙarƙashi, ya nuna hotunan tsatsa a waya. Mutumin ya kifa keken, ya haska lambar, ya gwada da ta takarda, ya sake gwadawa. Ya tambaye shi waye ya yi fentin. Ya ce shi da babansa. Ya ce to Hilal ɗin ce dai bai so ba, amma ya wuce. Jinkirin na jiran layi ne kawai. Biyu daga cikin samarin can a ƙasa suka tafi, an riƙe kekunansu sai sun kawo shaida.

Ranar Juma'ar da ta wuce dattijon da ya sayar mana ya fito masallaci ya tarar da keken a jingine. Ya zagaya shi sau biyu, ya tambayi na waye. Da aka gaya masa bai yarda ba, sai da ya danna ƙararrawa, don ita kaɗai muka bari yadda take. Yanzu ya aiko wai akwai wani firam ɗin a gidan 'yarsa a Umbadda, na mata, marar sandar sama. Ƙanwar yaron ta riga ta ji, ta kuma riga ta zaɓi kala. Ja da rawaya, in ji ta, kawunta ya yi alkawarin sayen fentin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar aika kuɗi. Wanda ke da tambaya a kanta ya turo kafin Laraba.